Katin Asibitin da Na Ɓoye wa Mai Kemis

Ku da kuke ta turo min saƙonni kuna cewa na yi dacen miji, ku ɗan riƙe guɗarku tukuna. Yau zan faɗi abin da na ɓoye wa kowa, har uwar da ta haife ni. Wanda zai zage ni ya zaga, na riga shi zagin kaina.

Ga wanda bai san ni ba: saura sati uku a ɗaura min aure na biyu. Mijina na fari ya rasu a hatsarin mota ina da cikin wata shida, na tattaro na dawo gidanmu, ina zaune a nan na haifi 'yata. Goggo, yayar mahaifinmu, wadda tun rasuwar Baba ta zama ita ce wuƙa ita ce nama a gidan, ita ta laƙaba wa yarinyar Lukuta saboda cinyoyinta. Watanta biyar yanzu. Wanda zan aura kuwa mai kemis ne a bakin titinmu. Duk unguwa Likita ake ce masa, kullum yana gyara musu cewa shi magani kawai yake sayarwa, ba wanda ya taɓa saurarensa.

Mahaifiyarsa, Hajiya, ta amince da auren, amma da sharaɗi ɗaya: ba zan tare da goyo ba. Lukuta za ta zauna wurin Mama da Goggo, in riƙa zuwa ina duba ta. Wato dai a cire ta daga nono kafin biki. Da aka zo min da maganar na sunkuyar da kai na ce to. Ni dama haka nake, bakina ya fi zuciyata saurin cewa to.

Ranar da zan ba ku labarinta Laraba ce. Da safe na buɗe firij na ɗauko 'yar kwalbar allurar Mama, na murza ta tsakanin tafukana don sanyin ya ragu. Tana zaune a bakin gado, ta riga ta ɗage rigarta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana fama da ciwon sukari. Ya cinye mata yatsu biyu a ƙafar hagu, ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan kuma ta ce kamar ta cikin labule take ganinmu.

"Auta, hannunki da zafi," ta ce. "Zazzaɓi kike?"

"Ba komai, Mama."

"Nonon ne. Daure, kwana uku zuwa huɗu zai kafe. Ni wata bibbiyu na shayar da ku duka na koma masaƙa, inji ba ya jiran mai jego. Ga ku nan kun girma." Ta sauke rigarta tana lalubar hannuna. "Ni dai Allah Ya sa in ga bikin nan da ɗan sauran idona."

Na ce amin, na juya da sauri don kada muryata ta tona ni.

Kwana biyu ke nan Goggo ta ɗaure min ƙirji da wani tsohon zaninta, ta zagaya shi sau uku ta ƙulle a bayana, inda hannuna ba ya kaiwa. Ƙirjina ya yi tauri kamar an cusa min duwatsu. In na ɗaga hannu zafi, in na yi numfashi zafi. Lukuta kuwa ta ce ita da fida, kwalbar madarar nan, sai dai a lahira. Ana sa mata a baki za ta turo shi da harshe, ta kalle ni da jajayen idanu ta tsandara ihu.

To ga abin da na ɓoye. Ina da cikin Lukuta aka gwada jinina aka ce sukari ya hau. Marigayi kaɗai ya sani, ya tafi da sirrin kabarinsa. Ban faɗa wa Mama ba, don na san cewa za ta yi ita ta goga min, ta hana kanta barci. Bayan na haihu sukarin ya sauka, na ɗauka an rabu ke nan. Amma ranar da za a sallame ni daga asibiti, wata dattijuwar nas mai tabarau ta zauna a gefen gadona ta ce:

"'Yar nan, sukarin ciki yakan tafi bayan haihuwa, amma ya san hanyar gida. Mata da yawa yakan dawo musu bayan wasu shekaru ya zauna daram, balle ke da mahaifiyarki ke da shi. Ki kula da abin da kike ci, ki riƙa motsa jiki, ki riƙa zuwa gwaji. Sannan ki shayar, iya tsawon da za ki iya. Ba alkawari nake miki ba, amma wadda ta daɗe tana shayarwa haɗarin yakan ragu mata. Yarinya na sha, ke ma kina ƙaruwa."

Ta rubuta komai da jan biro a wani kati mai ruwan ɗorawa. Na soke shi a cikin katin rigakafin Lukuta, na tura ƙasan akwati.

Za ku ce, to me ya hana ki faɗa wa wanda za ki aura, shi da ya san magani? Abin ke nan. Mahaifinsa wannan ciwon ne ya kwantar da shi shekara tara. Shi yake wanke masa ƙafa safe da yamma, Hajiya ke kwana a kansa, har Allah Ya karɓi abinsa. A kantinsa nake sayen allurar Mama, ta nan ma muka saba, don haka ya san halin da muke ciki. Farkon maganarmu ya dube ni ta saman kantar shagonsa ya ce, "Malama, Hajiya ta ce in tambaye ki. Ke an taɓa samun komai a jininki?"

Na ce, "Lafiya lau nake."

Ya yi ajiyar zuciya, ya yi wata dariya da har yau nake jin ta a kunnena. Ya je ya rantse wa uwarsa a kan maganata. Ina sonsa, jama'a. Son da ban zaci zan ƙara yi wa wani namiji ba. Tsoron rasa shi ne ya sa na yi ƙaryar, ba wani abu ba.

Wajen ƙarfe goma tela ta iso da rigar biki a cikin leda mai zif. Leshi ne ruwan zuma, mai ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, an yi masa shafi mai santsi a ciki. Hajiya ce da kanta ta zaɓo yadin. Na sa da ƙyar, zif ya hau har tsakiyar baya ya ce nan ya tsaya.

"Ja dai," in ji Goggo.

"Goggo, zai ɓalle," tela ta ce, allurai a bakinta. "Ni fa na ce a ƙara inci biyu a ƙirji, kika ce a rage."

"Na ce a rage. Rigar amarya na ce ki ɗinka, ba ta mai jego ba. Nan da sati uku ai ya koma."

Daidai nan Lukuta ta farka a ɗakin Mama ta fasa kuka. Duk wadda ta taɓa shayarwa ta san abin da ya biyo baya. Na ji wani tsiii ya taso min tun daga hammata, kafin in ce a cire, ruwan nono ya keto zani ninki uku, ya keto shafi, ya fito a gaban leshin Hajiya, tabo biyu manya suna ta faɗi.

"Na shiga uku!" Tela ta dafe kai. "Wannan yadin ba ya son ruwa!"

Goggo ta matso. Ta taimaka aka zare min rigar, ta shanya ta a kan ƙofa, sannan ta ce, "Ɗauri ba zai yi ba. Ke irin uwar ubanki ce, rijiya gare ku. Akwai ƙwayar da ake sha ya kafe. Surukinmu na da kanti guda na magani, mu zauna muna wahala?"

Ta kira shi a gabana, ta buɗe murya yadda ta saba, kamar yana wani gari. Na ji ya ce, "Goggo, wannan maganin ba a bayar da shi haka nan, sai da takarda daga asibiti."

"Takarda ce matsala? Muna da su."

Ban kawo komai a raina ba, wallahi. Na shiga banɗaki ina wanke jikina ina kuka a hankali, famfo a buɗe don kada a ji. Na manta Goggo ba ta karatu, kuma a wurinta duk takardar da ke da hatimin asibiti mabuɗi ce, kowane magani za ta buɗe. Da na fito, akwatina na buɗe a tsakar ɗaki, kayan Lukuta a warwatse. Katin rigakafi na kan gado. Mai ruwan ɗorawan babu shi.

"Mama, ina Goggo?"

"Ta tafi kemis. Ta ce ta samo takardarki, mai jan rubutu."

Na zauna a ƙasa. Na kira Goggo, wayarta ta yi ƙara a kan kujerar falo inda ta bar ta. Daga gidanmu zuwa kantin tafiyar minti bakwai ce, Goggo kuma in ta sa abu a gaba ko kura ba ta tare ta.

Na buɗe wayata. Saƙonsa na safe na nan: "Barka da asuba, Malama. Saura kwana ashirin da ɗaya." Na rubuta, "Don Allah kada ka karanta abin da Goggo za ta kawo." Na goge. Na rubuta, "Zan yi maka bayani." Na goge. Ina cikin haka na ga alamar yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Ni kuwa zuciyata kamar ta faso zanin ta fito.

Saƙon da ya shigo gajere ne: "Ina zuwa."

Babu Malama, babu komai.

Tare suka shigo da Goggo, tana gaba tana mita. "Wai maganin sai likita ya gan ta. Shi kuma da ake ce wa Likitan fa? Ya rufe kanti tsakar rana ya biyo ni, sai ka ce gobara." Ta wuce kicin tana ci gaba da faɗa da tukwane.

Na zura dogon hijabina mai ruwan toka na fito falo. Yana tsaye, bai ma cire farar rigar aikinsa ba, biro biyu a aljihu. Ya leƙa ya gaida Mama daga bakin ƙofarta, sannan ya zauna a kujerar da ke nesa da tawa, ba wadda ya saba zama ba. Ya ajiye katin a kan tebur tsakaninmu.

"Naki ne?"

"Nawa ne."

"Ranar da na tambaye ki, kin san da shi?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Da ma ya yi faɗa, da ya fi min sauƙi.

"An rubuta ki koma gwaji bayan sati shida da haihuwa. Kin koma?"

Na girgiza kai.

"Wata biyar." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Kullum kina zuwa kantina. Abin gwajin na nan a kan kanta, kusa da hannunki. Minti ɗaya ne."

"Da na miƙo maka yatsana, ai da ka tambaye ni dalili."

"Sai ki faɗa min!"

"In faɗa maka ka tafi?" na ce. "Kai ka ce min ko a mafarki ba ka son ka sake jin warin maganin wanke ƙafa a gidanku. Kai ka faɗa, Likita. To ni in yi yaya?"

Bai musa ba. Ya kalli ƙasa, sannan ya ɗago ya dubi yadda nake zaune a sandare, hannuwana a buɗe don kada su taɓa ƙirjina.

"Ɗaure ki aka yi?"

"Kwana biyu."

"Kuma kin san abin da nas ta rubuta a nan ƙasa, ta ja masa layi biyu?"

"Na haddace shi."

"Kin sani, kika yarda a cire ta?" Yanzu kam ransa ya ɓaci sosai, har jijiyar wuyansa ta tashi. "Ni na ɗauka ba abin da zai same ki, shi ya sa da Hajiya ta kawo sharaɗinta ban ja da ita ba. Ashe da hannuna nake tura ki. Kowace safiya ina ƙirga miki kwanaki kamar wani abin kirki."

"To yanzu me kake so in yi?"

"In mai kemis kike tambaya, ki tashi yanzu ki kwance wannan zanin ki ba yarinya abincinta, gobe ki je asibiti a gwada ki. In ɗan Hajiya kike tambaya..." Ya dubi katin. "In kika ci gaba da shayarwa, sai an faɗa mata dalili. Ni kuma ba zan sake yi mata rantsuwa a kan abin da ba haka ba. Ta ji kalmar sukari, ba maganar goyo za ta tashi ba, auren ne gaba ɗaya."

"In kuma na yi shiru, na cire ta?"

"Sai a yi biki nan da sati uku, ni da ke muna kallon juna mun san abin da muka binne." Ya tura katin gabana. "Ba zan zaɓar miki ba. Jikinki ne."

Gaba kura, baya sayaki. Na buɗe baki, kuma wallahi ban san abin da zai fito ba, ina jin to ɗin nan tawa ce take hanya. Sai na ji ƙarar hannu yana bin bango.

Mun manta da Mama. Tun da idonta ya tafi, kunnenta ko faɗuwar allura ba ya wuce shi. Ta fito tana ɗingishi, hannu ɗaya a bango, ɗayan ta rungumo Lukuta da ke ta shessheƙa, ta gaji da kuka.

"Auta, zo nan."

Na tashi na same ta a lungun da ke tsakanin falo da ɗakinta. Ta miƙo min yarinyar, ta juya ni kamar ƙaramar yarinya, ta cusa hannu ƙarƙashin hijabina tana laluben ƙullin.

"Mama..."

"Rufe min baki. Wata nawa kina tsira min allura kina kallon ƙafata, kina ɗauke da wannan a cikinki ke kaɗai?" Ƙullin ya ƙi. Ta sunkuya ta sa haƙori.

Goggo ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Me zan gani? Ke da bakinki kika ce kina son ganin bikin nan!"

"Na faɗa, Yaya." A shekarun da na yi a duniya ban taɓa jin Mama ta katse Goggo ba sai ranar. "Ni ba wanda ya zauna a gefen gadona ya faɗa min abin da aka faɗa mata. Ko da an faɗa min, ban san ko zai hana ba, Allah kaɗai Ya sani. Amma ita an faɗa mata. Gara ni kada in ga nata bikin, da ita ta kasa ganin na wannan."

Zanin ya saki, ya zube a ƙafafuna. Zafin da ya biyo baya sai da na dafa bango. Lukuta ba ta jira an gayyace ta ba, ta cusa kai ta kama, tana haɗiya tana ajiyar zuciya, hannunta ɗaya ya damƙe min yatsa. Na tsaya a lungun nan ina kuka, ban san na zafi ba ne ko na sauƙi.

Da na samu numfashi na rufe ta da hijabi na koma falo. Yana nan inda na bar shi, idanunsa sun yi ja. Ya ji komai.

"Kira Hajiya," na ce.

"Bari in je gida in same ta, in bi ta a hankali."

"A'a. Kai ka yi rantsuwar, amma ƙaryar tawa ce. Ba ni ita."

Ya danna kiran, ya buɗe murya ya ajiye wayar a hannun kujerata. Ta yi ƙara sau uku.

"Salamu alaikum," na ce. "Hajiya, ni ce."

"A'a, amaryata! Yanzu nake zancenki. Riga ta zauna? Na ce wa tela in ta ɓata min yadin nan ni da ita ne." Tana dariya, ina jin ƙarar cokali a kofi.

Na faɗa mata duka, ban rage ba: cikin, gwajin, katin, abin da nas ta ce, da amsar da na ba ɗanta ranar da ta aiko shi. Na ce ba zan cire yarinyar daga nono yanzu ba. Na ce ta yafe min, shi bai san komai ba sai yau.

Ƙarar cokalin ta tsaya. Falon ya yi tsit, ba abin da ake ji sai haɗiyar Lukuta a ƙarƙashin hijabi, ƙwat, ƙwat, kuma na san ita ma Hajiya tana ji.

Da ta yi magana, ba ta tanka abin da na faɗa ba.

"Yana kusa da ke?"

"Yana nan, Hajiya."

"Ba ɗana wayarsa."

Ya ɗauka, ya rufe muryar, ya kara a kunne. Ya miƙe ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya juyo ya dube ni, bakinsa ya motsa kamar zai ce wani abu, sai na ji muryarta ta tashi a cikin wayar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na'am, Hajiya, ina ji." Ya fita ya ja ƙofar.

Mama ta lalubo ta zauna kusa da ni. Ba ta ce zai dawo ba, ni ma ban tambaye ta ba. Ta ɗora hannu a bayana ta ce, "Juya ta ɗaya ɓangaren, Auta. Shi ma ya cika."